Maroko ko Andalus: ina ya kamata ka fara yawo da jirgin ƙasa?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya kira ni bayan sallar isha'i. Ya ce, "Yaya, na samu hutun sati biyu, kuma na ɗan tara abin da na tara. Ina so in fita waje in ga duniya, amma ba na son bin kamfanonin nan da ke tara mutane a bas ana kora su kamar awaki, minti ashirin a nan, minti goma a can. Ni kaɗai nake so in tsara abina, in riƙa hawa jirgin ƙasa daga gari zuwa gari." Wurare biyu ne suka tsaya masa a rai, Maroko da kudancin Sifaniya, wato Andalus ɗin da muke ji a littattafan tarihi. Tambayarsa ita ce wanne zai fara da shi.

Na ce masa tambayar ta yi kyau, domin ƙasashen biyu 'yan uwan juna ne. Ruwan da ya raba su a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, kuma akwai lokacin da sarki ɗaya ke mulkin duka ɓangarorin. Hasumiyar masallacin Kutubiyya a Marrakesh, da hasumiyar Hassan a Rabat, da hasumiyar Giralda a birnin Ishbiliya na Sifaniya, duk ginin daular Muwahhidun ne a ƙarni na 12, in ka ga ɗaya ka ga kamannin sauran. Amma wajen shirin tafiya, sun sha bamban ƙwarai, kuma bambancin yana farawa tun kafin ka ga ƙarfen dogo.

Biza ita ce ƙofa, don haka da ita za a fara. Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa neman wannan biza da fasfon Najeriya ko Nijar ya san ba wasan yara ba ne. Kuɗin neman kaɗai yuro 90 ne ga babba, ban da na ofishin da ke karɓar takardu, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da bayanan asusun banki na watanni, da takardar wurin aiki, da shaidar masaukin kowane dare. Wannan na ƙarshen shi ne ke taɓa mai yawon jirgin ƙasa, domin dole ka zauna tun a gida ka rubuta cewa ranar kaza kana Madrid, ranar kaza kana Ƙurɗuba, alhali daɗin irin wannan tafiya shi ne ka ga gari ya yi maka ka ƙara kwana. Maroko ma tana neman biza ga mai fasfon Najeriya, sai dai wahalarta ba ta kama ƙafar ta Shengen ba, kuma mai fasfo sabo fil wanda bai taɓa shan hatimi ba ya fi samun shiga a nan. Ga kuma jirgin Royal Air Maroc da ke tashi kai tsaye zuwa Kasabalanka daga Legas da Yamai. Kana sauka, tashar jirgin ƙasa tana nan a ƙarƙashin ginin filin jirgin saman Muhammad na Biyar, cikin kusan rabin awa kana tsakiyar gari.

Yanzu jiragen kansu. Wanda saninsa da jirgin ƙasa bai wuce na Abuja zuwa Kaduna ba zai sha mamaki a duka ƙasashen biyu, amma mamakin iri biyu ne.

A Maroko kamfanin gwamnati ɗaya ne, ONCF, ke riƙe da komai. Abin alfaharinsu shi ne Al Boraq, jirgi mai gudun tsiya na farko a nahiyar Afirka, wanda aka buɗe a watan Nuwamba na 2018. Yana tashi daga Tanja ya bi ta Kenitra da Rabat ya ƙare a Kasabalanka cikin awa biyu da minti goma, tafiyar da a da take cin kusan awa biyar. Tsakanin Tanja da Kenitra yana kai kilomita 320 a awa ɗaya. Sauran layukan kuwa jirage ne na gargajiya da suke kira Al Atlas: Kasabalanka zuwa Marrakesh ƙasa da awa uku, Kasabalanka zuwa Fas awa uku da rabi zuwa huɗu, Fas zuwa Miknas kamar minti arba'in. Doguwar ita ce Fas zuwa Marrakesh, wadda ke cin wajen awa shida da rabi, kuma ba don tsaunuka ba da an yanke, sai dai layin yana zagayowa ne ta bakin teku.

A cikin waɗannan jirage na gargajiya ne ake ganin Maroko. Taragon an raba shi ɗaki-ɗaki, mutum shida a aji na ɗaya, takwas a aji na biyu, kowa na kallon kowa. Ban manta da wata tsohuwa da muka zauna ɗaki ɗaya daga Rabat zuwa Fas ba. Jirgi bai yi nisa ba ta kwance ƙullinta, ta ɓare lemo, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da shi, ni ma da ba mu da yare ɗaya sai da na karɓa, don ta ƙi sauke hannunta. Da ta ji na ce "Bismillahi" sai ta yi murmushi ta ƙara mini dabino. Shawarata a nan ita ce ka ƙara ɗan abin da za ka ƙara ka sayi aji na ɗaya a dogayen tafiye-tafiye, ba don girman kai ba, don wurin ajiye akwati da wurin miƙe ƙafa.

Sifaniya kuwa wata duniya ce. Layinsu na farko mai gudu, AVE, an buɗe shi ne a watan Afirilu na 1992 tsakanin Madrid da Ishbiliya, wadda a tikiti za ka ga an rubuta Sevilla. Kilomita 471 ne, ana cinye su cikin kusan awa biyu da rabi. Ƙurɗuba, wato Córdoba, tana kan wannan layin, ƙasa da awa biyu daga Madrid, sannan minti arba'in da biyar zuwa Ishbiliya. Garnaɗa, wato Granada, ba ta samu nata layin mai gudu ba sai a 2019. Ban da kamfanin gwamnati Renfe, yanzu akwai Iryo da Ouigo da ke gogayya da shi a hanyar kudu, abin da ya sa ake samun tikiti mai rahusa. Jiragen tsab-tsab, shiru kamar ɗakin karatu, ta taga kuma itatuwan zaitun ne layi-layi har iya ganin ido.

To amma a nan ne babban bambancin yake, kuma shi na fi daɗewa ina yi wa ƙanena bayani. Jirgin Sifaniya halinsa halin jirgin sama ne. Farashin tikiti yana hawa yana sauka gwargwadon kusantowar ranar tafiya da yawan masu saye, ta yadda kujerar da wani ya saya wata biyu da suka wuce, kai da ka zo ranar za ka iya biyan ninki biyu ko uku a kanta, in ma ka samu. Tikiti mafi araha sau da yawa ba a canja shi ba a mayar da kuɗi. Kafin ka shiga sai an saka kayanka a na'urar bincike, kuma ana rufe ƙofar shiga minti biyu kafin tashi, babu roƙo, babu "don Allah ɗan dakata". Kamfanoni masu araha kuma suna da ƙa'ida kan girman akwati, in ya wuce sai ka biya. A Maroko, ban da lokacin sallah da manyan hutu, kana iya zuwa tasha da safe ka sayi tikitin rana, ko ka saya yau na gobe, bambancin kuɗin ba zai sa ka kama kai ba. Jirgi ya wuce ka, wani na nan tafe. Wato Maroko tana yafe wa mai kuskure, Sifaniya kuwa tana cin tararsa. Mai fita karo na farko kuwa sai ya yi kuskure, ko ya so ko bai so ba.

Ni kaina na yi nawa. A Kasabalanka manyan tashoshi biyu ne, Casa Port da Casa Voyageurs. Na ce wa mai tasi ya kai ni tashar jirgin ƙasa kawai, ban faɗi wacce ba, ya sauke ni a ta bakin ruwa, alhali jiragen Marrakesh da Al Boraq daga Casa Voyageurs suke tashi. Kafin in gane in koma, nawa ya tafi. Abin da ya ci ni bai wuce zaman awa guda da kofin shayi mai na'ana'a ba. Haka Rabat ma, akwai Rabat Ville a tsakiyar gari, akwai Rabat Agdal inda Al Boraq ke tsayawa. Ka riƙa karanta cikakken sunan tashar da ke jikin tikitinka.

Wasu za su ce maka ka sayi katin Eurail, wanda ke ba baƙo damar hawa jirage a ƙasashen Turai da yawa da kati ɗaya. Ga mai zagaya Jamus da Siwizalan da Ostiriya yana da amfani. Ga mai yawon Andalus kaɗai ban ga ribarsa ba, domin ko da katin a hannunka sai ka sake biyan kuɗin kama kujera a kowane jirgi mai gudu, kuma tafiyar taka duka ba ta wuce hawa huɗu ko biyar ba. Sayen tikiti ɗaya-ɗaya da wuri ya fi.

Sai abin da za a je gani, wanda shi ne dalilin tafiyar. A nan ba zan ɓoye ba, in ana maganar gini ne zalla, Andalus ta sha gaban Maroko. Babban masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa a 785, da ginshiƙansa sama da 850 da bakunan nan masu ja da fari, ba ni da abin kwatanta shi da shi. Kilomita takwas daga gari ga kufan Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a 936. A Garnaɗa ga fadar Alhambra a kan tudu, bangonta cike da rubutun "Wa la galiba illallah" an maimaita shi ba adadi, a fadar da aka miƙa makullanta ranar 2 ga Janairu 1492. A Ishbiliya za ka hau Giralda, wadda ba matakala gare ta ba, gangara ce ke zagayawa kusan har sama.

Sai dai ka shirya zuciyarka. Masallacin Ƙurɗuba coci ne tun 1236, an gina majami'a a tsakiyarsa, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Za ka tsaya gaban mihrabin da ya fi kowane mihrabi da ka taɓa gani kyau, da shinge tsakaninku, masu gadi na lura da kai. Giralda ƙararrawa ce a samanta. Alhambra kuwa tikitinta ɗauke yake da sunanka da lambar fasfonka, da takamaiman lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr da ke cikinta, kuma a lokacin cunkoso yana ƙarewa makonni kafin ranar. Na ga wasu ma'aurata a bakin ƙofar sun makara da ɗan lokaci kaɗan, matar na nuna agogo, mijin na nuna tikiti, ba a buɗe musu ba. Don haka mai zuwa Andalus tikitin Alhambra yake fara saye, sannan ya gina sauran tafiyar a kewayensa, har da jiragen ƙasan. In ka fito kana neman inda za ka sa goshi a ƙasa, ka haura unguwar Albaisin da ke tudun da ke fuskantar fadar, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kana hango Alhambra da duwatsu masu ƙanƙara a bayanta.

Maroko ba ta da Alhambra, amma abin da Andalus ta ajiye a bayan shinge, a nan ana rayuwa a cikinsa. A Fas za ka shiga masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihriyya ta assasa a 859, ka yi alwala ka bi jam'i. Bayan magariba za ka ji ana karanta hizbi baki ɗaya da ƙira'ar Warshu, irin wadda aka biya mana a makarantar allo. Ka buɗe Alƙur'anin da ke kan kanta, ka ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar rubutun malamanmu na zaure. Mazhabar ma Malikiyya ce, ba wanda zai kalle ka don ka saki hannu. Ga 'yan ɗarika kuwa ba sai an faɗa ba, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, tana cikin tsohon garin, kuma da wuya ka je ba ka ji ana Hausa ko Wolof a ƙofarta ba. Majemar Shuwara ma tana nan kusa, ramuka-ramuka na jima da rini, mutanen Kano za su tuna Ƙofar Mata, kuma za su tuna cewa jar fatar akuya da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa fatake suka ƙetara Sahara da ita. A Marrakesh akwai kaburburan Sa'adiyawa, inda Ahmad al-Mansur yake kwance, sarkin da rundunarsa ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Tarihin nan namu ne, ba na kallo daga nesa ba.

Kuɗin da ake biya a kan wannan rayuwa shi ne hayaniya. Tsohon garin Fas mota ba ta shiga, lunguna ne dubbai, alfadarai da masu kura ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak!" ka manne da bango. Tashar jirgin tana can sabon gari, sai ka ɗauki ƙaramar tasi zuwa ƙofar Bab Bujulud, daga nan kuma ƙafa. Akwati mai taya a wannan wuri azaba ce, jakar goyo ta fi. Samari za su bi ka suna cewa hanyar nan a rufe take, zo in nuna maka wata, ƙarshenta shagon kafet ne na wani ɗan uwansu. Masu tasi a bakin tasha wasu ba sa son kunna mita. Amma wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari ba baƙon wannan ba ne, "la, shukran" da sakin fuska sun isa. Ƙananan tasin ma kowane gari da launinsa, ja a Kasabalanka da Fas, shuɗi a Rabat, ruwan ƙasa a Marrakesh, kuma ba sa fita wajen gari.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. A Maroko ka ci abin da ka gani, tajin, harira, kuskus ranar Juma'a. A Sifaniya naman alade yana ko'ina, cinyoyinsa a rataye a saman kantuna, kitsensa kuma yana shiga har cikin wasu kayan fulawa, sai ka riƙa tambaya ko ka tsaya kan kifi. Garnaɗa ce ta fi sauƙi, saboda titin Calderería Nueva da kewayensa cike suke da gidajen shayi da abincin 'yan Maroko. Ka kuma sani ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa sai tara ta gota. Wajen kashe kuɗi, masauki da abinci da tikiti duk sun fi araha a Maroko nesa ba kusa ba, ga shi kuma dirhami kake kashewa ba yuro ba. Kowacce ka zaɓa, kada ka dogara da katin naira kaɗai, ka riƙe katin dala da 'yan tsabar kuɗi.

Akwai inda Sifaniya ta yi fintinkau. Duk manyan wuraren Andalus jirgin ƙasa na kai ka, har da Malaga da Ronda, kuma daga Madrid kana iya zuwa Toledo cikin rabin awa ka dawo a yini ɗaya. A Maroko dogo ya ƙare a Marrakesh ta kudu. Shafshawan, garin nan mai shuɗin fenti da ake ta ɗora hotonsa a Instagram, ba jirgin ƙasa, haka Essawira, haka tudun rairayin Marzuga. Sai dai bas, na CTM ko na Supratours, wanda reshen kamfanin jirgin ƙasan ne. In burinka shi ne kada ƙafarka ta taka bas ko sau ɗaya, wannan ya rage wa Maroko maki.

Yare ma abin dubawa ne. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da ke jin Faransanci, Maroko gida ce a gare su, allunan tasha da sanarwa duk da Larabci da Faransanci ake yi. Mai Larabcin Islamiyya zai fahimtar da mutane ko da bai gane Darija, wato Larabcinsu na gida, ba. A Andalus kuwa, da ka bar otal da wurin sayar da tikiti, Ingilishi ya fara ƙaranci.

Lokacin tafiya kusan ɗaya ne ga duka biyun: Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne zafi ba ya dame ka. Ƙurɗuba da Ishbiliya da Marrakesh suna haura digiri 40 a Yuli da Agusta, kuma bambanci ne tsakanin zama a inuwa a gida da yini kana taka dutse kana kallon gini. A Ishbiliya ka kauce wa makon Ista da bikin Feria da ke biyo bayansa, don kuɗin ɗaki yana tashi sama sosai. A Maroko kuwa, a watan azumi jadawalin jirage yana sauyawa.

Ƙanena ya tambaya ko ba za a haɗa biyun ba, tunda jirgin ruwa daga Tarifa zuwa Tanja awa ɗaya ne kacal. Ana yi, kuma tafiya ce mai daɗi, sai dai Tarifa ba ta da tashar jirgin ƙasa, sai ka sauka a Aljesiras ka ƙarasa da bas. Jiragen ruwan da ke tashi daga Aljesiras kai tsaye kuma Tanger Med suke zuwa, wadda ke da nisan fiye da kilomita 40 daga cikin gari. Ga biza biyu, ga sati biyu kacal. Garuruwa takwas a kwana goma sha huɗu, abin da za ka fi tunawa shi ne ɗaure akwati da kwance shi.

Abin da na ce masa shi ne, in da yana da bizar Shengen a hannu, ko ya taɓa fita sau biyu sau uku, kuma shi mutum ne mai son komai a rubuce tun wata biyu kafin tafiya, da Andalus zan tura shi: kwana biyu Madrid, biyu Ƙurɗuba, uku Garnaɗa, uku Ishbiliya. Amma fasfonsa sabo ne, kuma na san halinsa, mutum ne da zai shiga masallaci bayan la'asar ya samu mai hira ya manta da agogo. Na ce ya sauka Kasabalanka ya kwana ɗaya ya yi salla a masallacin Hassan na Biyu, ya hau Al Boraq zuwa Tanja garin Ibn Battuta, ya gangaro Fas ya ba ta kwana huɗu har da yini ɗaya a Miknas, ya tsaya Rabat kwana biyu don ya raba doguwar tafiyar, sannan ya ƙare a Marrakesh.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, Alhambra fa?" Na ce ta yi sama da shekara 600 a kan tudun nan, za ta jira shi ya dawo da hatimin Maroko a fasfonsa, wanda zai taimaka masa ranar da zai nemi bizar. Washegari ya turo mini hoton jakar goyon da ya saya a kasuwar Wuse, yana tambaya ko za ta isa.